Ranar da Gwani Ya Koma Shago

Gwani ake ce masa, kuma ba a banza ba. Shekara da shekaru yana aski a shagonsa na bakin titi, in ya gyara maka kai sai ka ji ba ka son sa hula. Ana nan wata mota ta kwashe shi a kan babur, kansa ya bugi bakin kwata.

Ya tashi, an gode Allah. Amma tun daga ranar duk abin da ke hagunsa ya ɓace masa. Ido lafiya lau, ƙwaƙwalwar ce ta yi watsi da wannan ɓangaren. Sai ya ci rabin faranti ya ce an rage masa abinci, matarsa ta juya masa farantin.

A sashen gashin ƙashi na asibiti, ƙafa kawai suka sani. Hau keke, sauka, taka layi, sai ka ce da ƙafa ake aski. In matarsa ta kawo maganar faranti, a ce ai wannan na likitan ƙwaƙwalwa ne. Likitan ya tura su wurin masu koyar da aikin hannu, su kuma ƙofarsu kullum da kwaɗo. Da ƙafa ta miƙe aka tafa masa, aka sallame shi. Wai ya warke! An yi ba a yi ba ke nan.

Shi dai kujerarsa yake so. Ƙaninsa ke riƙe da shagon, kullum magana ɗaya: "Yaya, ka ƙara hutawa." Hutu ya ishe shi. Ran nan ya sa riga ya tafi, ya ɗauki inji ya tsaya bayan kujera. Masu jiran layi kowa ya sunkuya kan wayarsa. Sai wani tsohon direba, wanda Gwani ke wa aski tun buɗe shagon, ya miƙe ya zauna.

"Gwani, yi min irin na da."

Hannu bai manta ba. Ya rage suma, ya fitar da layi, ya kakkaɓe wuya, ya ja baya yana kallo. Wallahi ya yi kyau, inda ya yi. Ɗaya ɓangaren ko taɓa shi bai yi ba. Direba ya daɗe yana duban madubi, sannan ya ce, "Gwani gwani ne." Ya kifa hula ya fita.

Daɗi ya kama Gwani har ƙwalla ta cika masa ido. Ya kama hanyar gida, ya kai kwanar titi, sai ya juyo don ya gaya wa ƙaninsa gobe da wuri zai zo. Ta taga ya hango direban ya dawo, yana kan kujera, hula a cinya, rabin kai da suma. Ƙanin na ƙarasa aikin da sauri, yana waiwayen ƙofa. Ba mai dariya ko ɗaya. Da ma sun yi dariyar, da ya samu wanda zai zaga ya huce.

A gida matarsa ta tarye shi. "Maigida, yaya shagon?"

"Mutanen kirki ne," ya ce. "Duk sun tausaya min."

Ya miƙa mata mabuɗin shagon, ya ce gobe ta aika wa ƙaninsa.