Shukar da Ta Sauko da Talle Ƙasan Jeri

Talle na Kanan-Bakashe bai san ubansa ba, sunan ma ya gaya muku. Shekarar da maigari ya ce kowane gida ya ba da ɗa guda a kai lakkol, wato makarantar boko, maƙwabta suka ɓoye nasu cikin rumbu. Rumbun uwarsa, Iya, ya daɗe da rushewa. Haka Talle ya zama ɗan boko.

Sai ga yaro da kai. Ya gama makarantar Mayahi ya wuce lise, babbar sakandare, a Maraɗi, kunnuwa fato-fato, wando bai kai idon sawu ba, amma lissafi na bin shi kamar akuyar gida. Likita yake son zama.

To, cin bak, jarrabawar gama lise, shi kaɗai ba ya ba mutum likitanci. Jera waɗanda suka ci ake yi bisa makinsu. Na sama su zaɓa: likita, injiniya, karatu a waje. Na ƙasa su karɓi abin da aka rage, kamar baƙon da ya iso ana wankin tukunya. Malaman Talle tuni sun aje shi a sama.

Shekarar kuwa ta fari ce, zamanin soja. Jarrabawa ta ƙarato, sai wani direba ya kawo labari: an yi ruwa a Kanan-Bakashe.

Wanda bai yi noma a rairayi ba, ya saurara. Laima ba ta jiran kowa. Ranar shuka babu gayya, ko liman ba ya ara maka ɗa. Namiji ya sara da sungumi, mace ta biyo da iri tana rufewa da diddige. Iya tana da iri, wanda ta hana cikinta tun kaka. Mai sara ne babu.

Abokinsa Mumuni ya gan shi yana ɗaure kaya.

"Kai, kanka ɗaya? Gonar taku da ba ta fi shimfiɗar masallaci ba?"

"In sara in dawo. Ai na riga na karanta."

"To, likitan jakuna, ka taho mini da fura."

Ya je ya sara, Iya na bayansa tana yi mishi faɗa layinsa ya karkace. Wajen dawowa aka sha kallo: sojoji sun kwashe motocin hanyar suna jigilar hatsin taimako. Amalanke ya samu, da jakin da ya fi shi jin yunwa. Ya shiga Maraɗi ranar lissafi, an ci rabin lokaci. Mai tsaro ya dubi ƙurar kansa ya bar shi ya zauna. Sai dai hannun da ya shekara bai ɗaga abin da ya fi alƙalamin bik ba ya tashi ya fashe. Abin yana kai, yatsu sun ƙi.

Ya ci bak, can kusa da ƙarshen jeri.

"An ci ko ba a ci ba?" in ji Iya.

"An ci, Iya, amma a wutsiya."

"Wutsiyar ba nama ba ce? Ka ji mini ɗan nema!"

Bai tsaya yi mata bayani ba. Shukar ma ba ta yi ba. Ruwa na biyu ya yi nawa, hatsin ya leƙo ya ƙone.

Mumuni, wanda rabin lissafinsa daga bakin Talle ya same shi, yau likita ne mai tumbi. Talle aka ba shi karatun malanta a Yamai. Ya ƙare malamin makaranta a Tasawa, Mushe Talle, yadda ake kiran malaman boko, alli har cikin gemu, mata ɗaya, babur mai tari. Ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba, ba a kuma ji ya gode ba.

In damina ta faɗi, ɗan ajin ƙarshe ya zo yana sosa ƙeya wai gida aka yi ruwa zai je shuka, Mushe yakan wanke shi tas: sakarai, mai kan kabewa, wanda zai mutu yana koyar da ’ya’yan mutane. Sa’an nan ya tambaye shi wa ke gare su a gida mai riƙe sungumi. In yaron ya ce babu, sai ya ce ya naɗe hannunsa da tsumma, kuma kada ya amince da mota.