Waken da na ɗebo don lissafi

"Sha ɗaya, sha biyu..." Muna cikin ƙirga sai na ga bakin 'yata Nafisa yana motsi kamar tana tauna.

Lakwal, wato makarantar boko, ta yi wa ƙauyenmu nisa, shi ya sa nake koya wa yarana a gida, ƙarƙashin rumfa, da tabarma da ɗan allo. Litinin ranar lissafi ce. Na rasa tsakuwoyin da muke ƙirga da su, sai na ɗebo wake a wata ƙwarya cikin ɗaki.

Babansu ya shigo daga gona, ya dubi tabarmar, ya yar da hauya.

"Maman Nafisa, ina kika ɗebo wannan? Iri ne! Jiya na cuɗa shi da maganin ƙwari!"

Na zura yatsa a bakin Nafisa. "Nawa kika haɗiye?"

Ta ɗaga yatsu uku, ta dube su, ta ƙara ɗaya, tana murmushi.

Ban san yadda muka isa likita a Malbaza ba. Sun ce da sauƙi, mu sa mata ido. Ga ta nan tana wasa, amma ko tari ta yi sai gabana ya faɗi.

Iyaye mata, don Allah da me kuke koya musu ƙirga? Ni yau ko waken tukunya na kasa taɓawa.