Ranar da Alhaji Lawal Ya Ta da Tunkiyar Bature

Ban taɓa mantawa da wata ranar Asabar da muka yi da marigayi Alhaji Lawal a Ingila ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in bar muku ofishin nan, to shi zan ba ku.

Lokacin ina ƙaramin malamin gona a shiyyar Dutsin-Ma, ƙauyukan Kuki ne a hannuna. Ga waɗanda ba su san aikin ba, malamin gona shi ke tsakanin ma'aikata da manomi: ya kai masa sabon iri, ya nuna masa yadda ake sa taki, ya dawo da kukansa ofis. Alhaji Lawal kuwa shi ne shugaban shiyya, mutumin Birchi, dogo, marar yawan magana, ya ba hamsin baya. Aka zaɓe mu mu biyu mu je kwas kan kiwon ƙananan dabbobi a wata kwalejin noma da ke can cikin karkarar Ingila. Sharaɗin masu ɗaukar nauyinmu shi ne sai dukanmu mun gama, sannan a ba shiyyarmu shirin raba wa matan ƙauye tumaki da awaki.

Mun sauka a lokacin da su suke cewa ɗumi ya fara, mu kuwa haƙoranmu na haɗuwa. Ni da ƙuruciya na saba da wuri. Alhaji ne abin bai karɓe shi ba. Abinci kullum dafaffen dankali ba yaji ba daddawa. A aji komai da kwamfuta ake yi, shi kuwa ya daɗe a kujerar da sakatare ke buga masa takarda. Mutumin da in ya shigo ofis kowa ke miƙewa, sai ga shi yana laluben madannai da yatsa ɗaya, yara 'yan wasu ƙasashe na jiran shi. Ya rame, ya daina zuwa ɗakin cin abinci, daga aji sai ɗaki.

Wata Juma'a bayan mun yi Magariba, yana naɗe darduma ya ce, "Sani, ran Litinin zan ce su yi mani tikiti. Gida za ni."

Na ce, "Ranka shi daɗe, shirin matan nan fa?"

Ya ce, "Na sani. Amma na tsufa da a zauna ana kallona."

Ƙarami ba ya musu da shugabansa. Washegari da safe na sami malamarmu, Misis Helen, na ce mata maigidana ba ya jin daɗin zaman ɗaki. Ban faɗa mata maganar tikiti ba. Ta ɗauko wata 'yar taswira ta nuna mani hanyar ƙafa da ta tashi daga bayan kwalejin, ta zagaya gonaki, ta dawo ta bakin rafi. Ta ce ba hawa ba gangara, tsofaffi ma suna bin ta. Ta ara mana takalman roba saboda taɓo.

Da ƙyar na fitar da shi. Na ce, "Ranka shi daɗe, tunda tafiya za ka yi, ko ƙasar ka gani. Kar a tambaye ka a gida ka ce ɗaki da aji kawai ka sani." Ya harare ni, ya ɗora kwat a kan kaftani, muka fita.

Irin hanyoyin nan suna da yawa a can. Turba ce siririya, an kafa sanda da 'yar kibiya ruwan ɗorawa tana nuna inda za ka bi. Ba mu yi nisa ba muka iske shinge, da ɗan tsanin katako a jikinsa na ƙetarewa. Alhaji ya ja ya tsaya.

Ya ce, "Kai, wannan gonar mutum ce. Haka kawai mu haura masa shinge?"

Na maimaita masa abin da Misis Helen ta gaya mani: gonar ta manomi ce, amma turbar ta jama'a ce tun kaka da kakanni, ba shi da ikon toshe ta. Kai kuma mai wucewa naka shi ne kar ka kauce daga turba, kuma duk ƙofar da ka buɗe ka rufe.

Ya ce, "Burtali ke nan, amma na mutane." Ya tattare kaftaninsa ya haura.

Daga nan na ga tafiyarsa ta sake. Muka ratsa gonar alkama, ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya murza, ya sunsuna. Muka haye wata 'yar gadar katako, ruwa na gudu garai-garai a ƙarƙashi. Sai kawai ya fara ba ni labarin turbar da suke bi da mahaifinsa daga Birchi zuwa kasuwar Kurfi, shi a gaba da igiyar rago, dawa ta fi su tsawo hagu da dama, raɓa ta jiƙe masu wando. Ya lissafa mani tsamiyar da suke hutawa da gidan da ake ba su ruwa. Tun da na san shi ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba.

Muna cikin wani makeken fili na tumaki sai ya katse labarin, ya ƙura ido can gefe. Wata tunkiya ce kwance rigingine, ƙafafu huɗu a sama, tana ɗan shure-shure, ga hankaki sun sauka kusa da ita. Tumakinsu ba kamar namu ba ne, ulu gare su mai nauyi. In ruwa ya jiƙa shi, ga kuma ciki, sai tunkiya ta kife ta kasa tashi, cikinta ya kumbura, in ba a kai mata ɗauki ba ta mutu.

Alhaji ya bar turba ya nufe ta. Ni kuwa na tsaya a kan turba. Na ce, "Ranka shi daɗe, an ce kar mu kauce! Mu baƙi ne, a gan mu riƙe da dabbar mutum me za mu ce?"

Ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce, "Zo ka kama mani, mutuwa za ta yi."

Ya durƙusa cikin taɓo da farin kaftaninsa, muka juya ta sannu a hankali. Ta so ta sake faɗuwa, ya tallabe ta a jikinsa yana murza mata ƙafafu, yana yi mata magana da Hausa kamar tana ji. Muna haka sai muka ji ƙarar babur mai ƙafa huɗu. Wani tsohon Bature jajawur ya taho da kare, fuska a murtuke. Na riga na fara shirya ban haƙuri a raina. Kafin ya iso Alhaji ya saki tunkiyar, ta yi tangaɗi, ta tsaya, ta ruga cikin 'yan'uwanta.

Tsohon ya dubi tunkiya, ya dubi kaftanin Alhaji, ya cire hula ya miƙa masa hannu. Ya ce tagwaye ne a cikinta. Ya rantse sai mun je gidansa mun sha shayi.

A ɗakin girkinsa muka zauna. Da ya ji Alhaji malamin gona ne, sai ya buɗe baki. Ruwa ya yi yawa bana. Abincin dabbobi ya yi tsada. Jami'an gwamnati ba sa zuwa, sai dai su aiko takardu. Ɗansa ya tafi birni, ba ya son noma. Alhaji ya yi ta dariya har da hawaye, ya juyo ya ce mani da Hausa, "Sani, ka ji? Wallahi kamar ina zaune a Birchi." Suka shiga garke, Alhaji ya duba haƙoran raguna, suka yi gardama kan kofato. Da ƙyar na raba su don kar La'asar ta wuce mu.

Ran Litinin na same shi a aji kafin kowa, ya sa tabarau, yana fama da yatsansa ɗaya. Maganar tikiti ba ta sake tasowa ba. Muka gama kwas, shirin ya zo, matan Kuki da na Birchi suka sami dabbobinsu.

Da muka dawo ya ɗauki wata ɗabi'a da ta wahalar da ma'aikata. In za mu rangadi sai ya sa direba ya ajiye mota a Kurfi, mu shiga ƙauyuka da ƙafa ta cikin gonaki. Mun yi ƙorafi a bayan idonsa, amma abin da muka ji a bakin manoma a kan turba bai taɓa zuwa mana ofis ba. Yanzu yanayi ya sauya, wasu wuraren ko da mota sai ka yi tunani kafin ka shiga, kuma yawancin turbobin garma ta cinye su. Allah ya dawo mana da zaman lafiya, Allah ya jiƙan Alhaji.

Abin da zan bar muku shi ne: manomi, na can da na nan, ba ya faɗa wa gilashin mota damuwarsa. Sai ya gan ka a ƙasa, ƙafarka ta taka inda tasa ke takawa, sannan ya yarda kai nasa ne. Duk inda hali ya yi, ku sauka ku taka.