Jakar Ruwan da Na Ƙi Cirewa

Ina cikin gwada jakar goyo mai bututun shan ruwa a kasuwar Rusairis ta ƙasar Sudan, sai mai shago ya juya wajen mijina Usman.

"Ya zol, bawan Allah, wannan ta maza ce. In aka cika ta, bayan amarya ba zai ɗauka ba."

Usman da abokansa za su wuni suna hawan dutse ranar Jumma'a, ni kuwa a littafi kawai na taɓa hawa.

"Kin ji ko, Hauwa? Zauna da littattafanki, zan kawo miki hoto," in ji Usman.

Na ce a cika ta. Na ɗaure ƙugu, na zaga layin masu albasa na dawo. Ba ta ci mini kafaɗa ba.

Na dubi mai shago na ce, "Ya ammi, baffana, tun ina yarinya nake ɗauko jarka daga kogi, ba wanda ya tausaya wa bayana. Sai yau da ruwan na kaina ne za a tausaya?"

Da ita a bayana na shiga motar gida. Zan hau dutsen nan.

'Yan uwa mata, kun taɓa ɗaukar ruwa don kanku kaɗai?