Baba Ƙarfe da Takardar Cefanena

Duk wanda ya zauna da Baba Ƙarfe, ko na yini ɗaya ne, ya san 'yar gudumar nan ta aljihunsa. Kafin ya gaishe ka sai ya fara gaida ƙofar gidanka: ƙwas, ƙwas, ya kara kunne. In ƙarar ta yi masa ya ce, "Wannan mai gaskiya ne." In ba ta yi ba ya yamutsa fuska, "Maƙaryaci!" Tukunyarmu ta tuwon Juma'a a unguwar Shumaisi nan Riyad ta sha wannan guduma, haka turakun tashar jirgin ƙasa na metro, har wani mai gadi ya taɓa biyo mu da gudu. Shekara shida na yi ina tuƙa shi, ban taɓa tayar da mota ba sai ya gama sauraron murfin injin.

Idirisu ne sunansa, mu muka laƙaba masa Baba Ƙarfe. Baƙar fatar Amurka ne, ɗan mai walda, ya musulunta tun yana saurayi. Sana'arsa ƙera abubuwa da ƙarfe, ba siffar mutum ba, ba ta dabba ba, wasu irin lanƙwasassun abubuwa dai. Ranar da na fara shiga shagonsa na ce, "Baba, wannan me ake yi da shi?"

"Kallo."

"In an gama kallon fa?"

"A sake, Malam Sani."

Shekara arba'in ya yi ana baje kayansa a manyan zaurukan Amurka da Turai kafin a gayyato shi Riyad na wata uku. Da ya ji kiran salla na shigo masa ta taga sau biyar a rana, sai ya nemi iƙama, wato takardar izinin zama, ya ce ba inda za shi. A duk shekarun nan doka ɗaya ya riƙe: aikinsa ba ya hawa dakali. A ƙasa yake zama, inda ƙafar mai kallo take. Da bakinsa ya gaya mini wata rana a Shikago ya tarar an ɗora masa aiki a kan farin dakali, ya ɗebo motar kaya ya kwashe abinsa ana saura awa biyu buɗe zaure. Ku riƙe wannan doka, don ita ta kusa raba mu.

Sai tsince-tsince. Wayyo, tsince-tsince! Mutumin nan ba ya wuce ƙarfe a hanya. Wata azahar ta tsakiyar zafi muna kan babban titi, motoci na wucewa kamar an kore su, sai na ji ya daka tsawa, "Tsaya! Tsaya!"

Na ce, "Baba, nan ba wurin tsayawa ba ne. Ga kamara can tana kallonmu."

"Ta kalla. Na ji wani abu ya faɗi, kuma muryarsa mai kyau ce."

Na samu gefe na tsaya ina salati. Dattijo ya koma baya a ƙafa cikin ranar nan, ya dawo da guntun bututu naɗe cikin hularsa don zafi, yana ta murmushi. "Dubi abin da wani sakarai ya yar!" Ina tayar da mota sai ta ɗauki ruri kamar injin niƙa. Salansar motarmu ce. Na ce ya ba ni a mayar, ya rungume abinsa ya ce shi ya tsinta.

Ga kuma maganar tsatsa. Shi a wurinsa ƙarfen da bai yi tsatsa ba bai nuna ba. To Riyad kuwa busasshen gari ne, ƙarfe sai ya shekara a waje yana ƙyalli. Sai Baba ya sayi buta, safe da yamma yana bin ƙarafunansa yana ba su ruwa kamar mai lambun alayyafo. Injiniya Bala, wanda aikinsa kullum yaƙi da tsatsa a wurin gini, ya tsaya yana kallo har ya kasa haƙuri.

"Baba, sun fara toho kuwa?"

"Saura kaɗan, ɗana. Kai dai kar ka matso, kana warin fenti."

To, kun tuna Juma'ar da kuka sha miyar kuka babu daddawa, kuka yi ta zagina? Yau zan wanke kaina. Ni da ajami nake rubuta komai, shi na tashi da shi tun ina gaban mahaifina. Na rubuta cefanen ranar a 'yar takarda na ajiye a gaban mota, Baba ya ɗauka ya ƙura mata ido, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya jefa aljihu. Na ce, "Baba, cefane ne." Ya ce, "Ya tashi daga cefane." Haka na shiga kasuwar Batha da ka, na manta daddawa.

Bayan wata huɗu ya kira ni shago. Innalillahi! Ga rubutuna nan da ƙarfe, kowane harafi ya kai tsayin mutum, har karkatar hannuna bai bari ba. An gayyace shi baje koli, kuma shi da ni duk mun san jikinsa ya fara gaya masa wannan ne na ƙarshe. Na daɗe ina kallo, wallahi har na ji ƙwalla. Sai na lura yadda haruffan suke zube a kan siminti.

Na ce, "Baba, a kan me za a ɗora shi?"

"A ƙasa mana."

"Haruffan a ƙasa? Mutane na zagaye su da takalma, wani ma ya tsallake?"

"Malam Sani, albasa ce da kuka da man ja. Kai ka karanta mini."

"Albasar tawa ce, Baba. Haruffan ba nawa ba ne. Da su aka rubuta Littafi."

Ya ce shekara arba'in bai ɗora aiki a kan dakali ba, ba zai fara don albasa ba. Na ce aikinsa ne, ba ni da ikon hana shi, amma hannuna ba zai ɗauka ba, ƙafata ba za ta taka zauren ba, kuma ya nemi wani direban da zai kai shi can. Na faɗa ina jin zafin abin, don mutumin nan ya zame mini uba a garin da ba ni da kowa.

Mako biyu muna shiga mota ba mai cewa uffan sai sallama. Shugaban zauren baje kolin yana ta bugo waya, Baba yana cewa "Bukura, bukura," gobe-gobe kenan da ba ta zuwa. Ran nan mun fito daga masallaci a unguwar Al-Oud, na hangi yagaggen shafin jaridar Larabci a bakin kwata. Ban ma san na yi ba: na sunkuya na ɗauka, na kakkaɓe, na soke shi a tsagar bango. Ina juyowa na ga Baba ya kafe ni da ido.

"Kullum haka kake yi?"

"Tun ina yaro."

"Ko ba ka san abin da aka rubuta ba?"

"Ko tallan sabulu ne."

Sai ya fashe da dariya har da tari. "Ashe kai ma mai tsince-tsince ne! Kuma kake yi mini faɗa a titi!"

Washegari muka zauna ciniki kamar a Batha. Na ce a ɗaga shi kamu biyu. Ya ce yatsa ɗaya. Na ce kamu ɗaya. Ya ce yatsa uku, magana ta ƙare. Na tashi zan fita, ya riƙo rigata, aka daidaita a taƙi ɗaya. Ya yanka ƙarfe ya yi wa aikin 'yan sanduna a ƙarƙashi, ɗaya daga ciki salansar motarmu ce. Ya nuna ni da guduma ya ce, "Ka ji da kyau. Wannan ba dakali ba ne. Ƙafa ce. In ka ce wa wani dakali ne, ban yafe ba."

Ranar buɗe zaure masana suka taru suna cewa dattijo ya sauya tunani bayan shekara arba'in, suna ta rubutawa. Wani Balarabe mai kamala ya daɗe yana ƙoƙarin karantawa, ya kasa, ya ce mini, "Ya shaihu, baitin wane mawaƙi ne wannan?" Kafin in buɗe baki Injiniya Bala ya ce, "Na wani ne da ya manta daddawa."

Bai ƙara wata biyar ba Allah ya karɓi abinsa. Da yawanku kuna wurin ranar da muka kai shi. Ni na shiga kabarin na karɓe shi, muka kwantar da shi a ƙasar da ya ce komai a kanta ya kamata ya zauna. Da aka jera tubalin ƙarshe, na samu kaina na ƙwanƙwasa shi da yatsa sau biyu, na kara kunne. Mai gaskiya ne, Baba.

Allah ya jiƙan Idirisu, ya yafe masa taurin kansa da nawa. Ya Ubangiji, bawanka ya bar dokarsa ta shekara arba'in don girmama haruffan Littafinka. Ka sanyaya masa makwanci, ka ɗaukaka shi a wurinka. Amin.