Murfin Rijiyar Kyari

Kyari maƙeri ne, yana ƙera bokiti da akwatin kwano a Sabon Gari, gidansa kuwa a Fagge yake. Ya yi soja a yaƙin Bama, kuma a can ya ji labarin bam ɗin da ya cinye gari guda a Japan, har waɗanda suka tsira suka riƙa ciwo daga baya.

Da daminar 1959 rediyo ta ce Faransa za ta gwada irinsa a Sahara. Tun ranar Kyari ya kasa cin abinci. Ya yanka kwano ya yi wa rijiyarsa murfi, ya hana tarar ruwan indararo.

Matarsa Gumsu ta ce, "Malam, ina Sahara ina Fagge?"

Ya ce, "Gubar nan iska take bi, Gumsu."

Maƙwabta suka yi ta dariya, amma kafin kaka mutum tara sun zo a ɓoye neman murfi. Shekara ta ƙare ba a tayar da bam ɗin ba, ba a kuma ce an fasa ba. Duk jirgin da ya gilma ta saman kasuwa, sai Kyari ya ajiye guduma ya bi shi da ido har ya ɓace.