Ayar da Baba Ya Aike Ni Nema

Shekarar da Baba ya kwanta ciwo, na fi sabawa da kujerar motar Manchester zuwa Birmingham a kan gadona. Ina aikin kula da tsofaffi a Withington, shi kuma yana gidan yayana a Perry Barr, inda ya zo jinya daga gida, jinyar ta ƙi ƙarewa. Likitoci sun gaya mana gaskiya, shi ma ya sani. Ya kuma san a nan za a binne shi.

Baba mai bishara ne, a ƙauyukanmu ya tsufa yana wa'azi. Abu ɗaya ya roƙe ni: in nemo masa ayar da yake so a karanta ranar jana'izarsa. Ayar, in ji shi, tana cewa wanda ya mutu a baƙuwar ƙasa, Ubangiji ya san inda ya kwanta. Ya sha faɗarta da ka a bakin kabarin mutane, amma littafi da sura sun ɓace masa.

Na ce wannan ai abu ne mai sauƙi, na zaro waya. Na buga da Hausa, babu. Na buga da Turanci, babu. Ya harare ni.

"Ajiye abin wasan nan, uwata. Je ki library ki ce su ba ki concordance."

Wato littafin da ya jera kowace kalma ta Littafi Mai Tsarki, da duk wuraren da ta fito. Baba yana ji da shi kamar gonarsa. Ko numfashi na yi masa wuya sai ya ba ni tarihi: wai malaman coci na can da can suka fara shi, su da yawa, kowa da nasa kason, wani malamin Yahudawa ya yi na Ibrananci don ya samu abin mai da amsa in ana muhawara da shi, wani Bature kuma ya zauna shi kaɗai ya yi na Turanci har aka riƙa cewa ya taɓu. Ni dai ina ji ina duba agogo, don motar komawa ba ta jiran tarihi.

Lokacin ne kuma gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Ɗakin karatun unguwar sai wasu ranaku ake buɗewa, ranakun kuwa kamar da gangan aka zaɓe su don su saɓa da hutuna. Sau nawa na sauka daga mota da gudu na tarar da ƙofa a kulle! Ran da na samu shiga, sai aka ce littafin ba a fita da shi. Raina ya ɓaci, na zauna ko rigar sanyi ban cire ba. Na bi kalmar baƙo har ƙasa, na bi mutuwa, na bi kabari, na bi ƙasa. Rubutun ƙanana kamar tururuwa. Na sami ayoyi masu kama da ita, na kai masa, ya girgiza kai.

Hankalina ya ƙi kwanciya. Ina ba wata tsohuwa abinci a wurin aiki, zuciyata na can tana juya kalmomi. Har haushin Baba na ji, na kuma ji kunyar jin haushin.

Da na rasa yadda zan yi, na kira Gwaggo, yayar Baba, a ƙauye. Ina gama faɗa mata ta yi dariya har da tari.

"Wannan ai ba aya ba ce, 'yar nan. Maganar tafinta ce. Muna yara, in Baturen mishan ya yi wa'azi, yakan faɗi kalma biyu ya yi shiru, tafinta ya ga abin ya yi wa jama'a kaɗan, sai ya ƙara nasa. Ranar da aka binne wani falke baƙo a garinmu tafintan ya faɗe ta. Ubanki yana tsaye kusa da ni."

Tun daga Manchester nake shawara da kaina, in faɗa ko in yi shiru. Ina shiga ɗakin, Baba ya ɗago kai.

"Kin samo?"

Na zauna a bakin gado na gaya masa duka, ban rage komai ba. Ya daɗe yana kallon rufi. Tsoro ya kama ni, na ce a raina na kashe shi kafin lokacinsa.

"Ashe duk mutanen da na binne, maganar mutum na ba su na ce ta Allah ce."

"Baba, a bar ta ke nan? Akwai wasu ayoyin."

"Fasto ya karanta wadda ya ga dama." Ya laluba ya kama hannuna. "Amma in an gama, ke ki tsaya a bakin ramin ki faɗe ta da Hausa. Ki ce musu tafinta ne ya faɗa, ni kuma na yarda da shi."